Kalmar Sirri da Tsaron Kwamfutar Gida

Gidaje da yawa a biranen ƙasar nan sun mallaki kwamfuta. A cikinta maigida yakan ajiye takardun filinsa, da lissafin kasuwancinsa, da hotunan iyali, har da lambobinsa na banki da na katin ɗan ƙasa. Galibin mutane sukan sa mata kalmar sirri, watau kalmar da ake bugawa kafin ta buɗe, daga nan sai hankalinsu ya kwanta. Wannan takarda za ta bayyana wa jama'a iyakar abin da kalmar nan take iya tsarewa.

Asalin kalmar sirri

A shekarar 1961, a jami'ar MIT ta Amurka, wani masani mai suna Fernando Corbató ya jagoranci shirya wata babbar kwamfuta wadda mutane da dama za su riƙa aiki da ita a lokaci guda. Domin kada wani ya leƙa aikin wani, sai aka ba kowa kalmarsa. Ba a daɗe ba, a 1962, wani ɗalibi, Allan Scherr, wanda awa 4 da aka yanka masa a mako ba ta ishe shi ba, ya sa na'urar ta buga masa kalmomin kowa da kowa a takarda. Abin lura a nan shi ne, tun fil azal an ƙago kalmar sirri ne don raba abokan aiki da ke tarayya a kan na'ura ɗaya. Ba a yi ta domin ɓarawon da zai sungumi na'urar ya tafi da ita ba.

Har yau wannan aiki take yi, kuma tana yin sa sosai. Takan hana yaro share takardun mahaifinsa, ta hana baƙo mai ƙwalama karanta wasiƙun da ba nasa ba. A gidan da ake tarayya, ya dace kowa ya sami ƙofarsa da kalmarsa, a kuma hana ƙofar yara ikon ɗora sabuwar manhaja.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Mai tambayar kalmar sirri ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows. Matsayinta matsayin maigadi ne a bakin zaure. Su kuwa takardu suna can kwance a kan faifan ajiya, a rubuce sarai yadda kowace kwamfuta za ta iya karantawa. Wanda na'urar ta faɗa hannunsa ba ya bukatar gaisawa da maigadi. Sai ya kwance bayanta, ya zare faifan, ya haɗa shi da wata kwamfutar, ya buɗe abin da ke ciki kamar yadda ake buɗe filas. Idan ma yana ƙyashin kwancewa, sai ya tayar da ita da wata manhaja daga filas, irin su Linux, wadda ba ruwanta da kalmar maigida. Aikin 'yan mintoci ne, kuma ba wani asiri ba ne: masu gyara a Ikeja da sauran kasuwannin kayan lantarki da wannan hanya suke ceto takardun mutanen da kwamfutarsu ta mutu. Hanyar da ta yi wa mai gyara amfani ita ce kuma ta ɓarawo.

Haka nan wanda ya sayar da tsohuwar kwamfutarsa. Share takarda ba ya kawar da ita nan take daga tsohon faifai, sunanta kawai ake cirewa daga jeri, kuma akwai manhajojin da ke maido da ita.

Maganin wannan

Maganin shi ne a juya dukkan abin da ke kan faifan ya koma kamar zaurance, amma zaurancen lissafi, wanda babu mai warware shi sai da mabuɗinsa. Wanda ya zare irin wannan faifai ba zai tarar da kome ba sai tarkacen haruffa. Kamfanin Apple ya fito da nasa tsarin, FileVault, a 2003, Microsoft kuwa ya sa BitLocker a cikin Windows Vista da ta shiga kasuwa a 2007. Sababbin kwamfutoci da dama sukan zo da wannan kulli a kunne, amma tsofaffi, da na hannu da jama'a suka fi saye, sau da yawa ba haka suke ba. Lalle ne mai kwamfuta ya shiga sashen tsaro ya duba da idonsa.

Akwai sharaɗi mai nauyi. BitLocker yakan ba da mabuɗin ko-ta-kwana mai lambobi 48. A rubuta shi a takarda, a adana inda ake adana takardun gida, nesa da jakar kwamfutar. In na'urar ta nemi mabuɗin nan aka rasa shi, takardun sun tafi ke nan, ko mai gyaran da ya fi kowa ƙwarewa ba zai fito da su ba.

Sa'ad da aka kulle faifai haka ne kalmar sirri take samun nauyinta na gaskiya, domin ita ce ta rage tsakanin ɓarawo da takardu. Saboda haka tsawonta ya fi kome muhimmanci. A 2009 aka sace kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga kamfanin RockYou na Amurka, da aka ƙirga sai aka ga wadda ta fi yawa ita ce 123456. Sunan ɗa, da shekarar haihuwa, da lambar waya duk ba su fi wannan ba, tun da maƙwabci ma ya san su. Kalmomi huɗu ko biyar marasa dangantaka, a jere, sun fi wuyar cinka kuma sun fi sauƙin riƙewa. Bugu da ƙari, kwamfutar da aka tashi aka bari a buɗe babu kullin da zai tsare ta; danna maɓallin Windows tare da harafin L yakan rufe ta nan take.

Ɓarawon da ba ya shigowa ta ƙofa

Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa ta intanet, wadda kalmar buɗe kwamfuta ba ta ko ganin wucewarta. A watan Mayu na 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta kulle takardun mutane tana neman fansa, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila. Ba ta tambayi kalmar kowa ba. Ta bi ta wata kafa ce a jikin Windows, wadda Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris, mutane suka yi sakaci ba su ɗora ba. Masu amfani da Windows 10 su lura cewa an daina ba ta irin wannan gyara na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Manhajar sata da ake ɗora wa mutane a kan kuɗi kaɗan ita ma takan zo da mugun baƙo a cikinta.

Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, sai dai hukunci ba ya maido da takardar da ta riga ta fita. Don haka wanda zai kai kwamfutarsa gyara ya fara kwafe muhimman takardunsa a wani faifai dabam, ya fita daga shafukan banki da na wasiƙu. Idan gyaran na allo ne ko na batir, babu dalilin ba da kalmar sirri. Idan kuwa dole ne a bayar, a sake wata a ranar da aka karɓo na'urar.