KALMA ƊAYA A KOWACE RANA: DARASI DAGA GARIN MUBI

Gabatarwa

Wannan darasi ya shafi wata hanya mai sauƙi ta ƙara ilmi, wadda ba ta bukatar aji, ko allo, ko kuɗin makaranta. Hanyar kuwa ita ce abokai su ƙulla alkawari tsakaninsu, kullum su koyi sabuwar kalma ɗaya, su san ma'anarta sosai, sa'an nan kowa ya kai ta gida ya koya wa wani. An ɗauki garin Mubi na Jihar Adamawa don misali, domin a can ne ake ganin amfanin sanin kalmomi a fili. Amma darasin na kowane ɗan ƙasa ne, namiji da mace, yaro da babba.

Garin Harsuna Da Yawa

Mubi tana bakin kogin Yedzaram, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Jamusawa sun kama garin a 1903, Turawan Ingila suka karɓe shi a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Ran 1 ga Yuni na wannan shekara ƙasar ta shigo, aka kira ta Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Daga baya ta shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, da Jihar Gongola a 1976, da Jihar Adamawa a 1991.

Wanda ya shiga kasuwar Mubi zai ji Fulatanci da Hausa, zai ji harshen Gude da na Fali, waɗanda su ne mazauna duwatsun wurin tun da daɗewa. Zai ji Njanyi daga wajen Maiha, da Higi daga Michika, da Margi daga Madagali, da Kilba daga Hong. Fatake daga Garwa da Marwa suna zuwa da Faransanci, suna lissafi da kuɗin sefa. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, da na Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, sun zo daga ko'ina cikin ƙasa, suna karatu da Turanci.

A irin wannan gari mai harshe ɗaya a baki yakan sha wuya. Dillalin shanu da ke jin Fulatanci ya san abin da makiyayi ke faɗa wa ɗansa game da saniyar da ake tayawa. Wanda ba ya ji kuwa sai abin da aka ga dama aka fassara masa. Yawancin masu harsuna uku ko huɗu a Mubi ba a makaranta suka koye su ba. A bakin abokai suka tsince su, kalma bayan kalma.

Abin Da Rashin Sanin Kalma Ke Jawowa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ga misalai huɗu da kowa zai iya gani a unguwarsu.

Na farko, magani. Ƙaramin cokali na awon magani yana cin mililita 5, babban cokali yana cin mililita 15. Uwar da ba ta bambanta su ba tana iya ba jaririnta magani ninki uku na abin da likita ya rubuta.

Na biyu, gona. Hekta ɗaya ta kai kusan eka biyu da rabi. Lita ɗaya kuma mililita 1,000 ce. Manomin da ya ɗauki hekta da eka abu ɗaya ne zai zuba taki ko maganin ciyawa fiye da ƙima, ko ƙasa da ƙima. Ko dai ya ƙone shuka, ko ya yi asarar kuɗi da damina.

Na uku, kuɗi. Aro daban, rance daban, bashi daban, jingina daban. Abin aro shi kansa ake mayarwa, kamar fartanya ko keke. Abin rance kuwa madadinsa ake mayarwa, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi shi ne nauyin da ke kan mutum har ya biya. Jingina ita ce ajiye kadara a hannun mai bin bashi har ranar biya. Gonaki da yawa sun jawo shari'a tsakanin 'yan'uwa domin wani ya ce jingina ce, wani ya ce sayarwa ce.

Na huɗu, shari'a. Zargi ba tuhuma ba ne, tuhuma kuma ba hukunci ba ce. Beli ba sallama ba ne, sakin mutum ne bisa sharaɗin zai komo gaban alƙali ranar da aka sa. Wanda ya ɗauka an sallame shi ya ƙi komawa, ya jefa kansa da wanda ya tsaya masa cikin wahala.

Harshe Ba Ya Tsayawa Wuri Ɗaya

Kada wani ya ce shi Bahaushe ne, ya gama sanin Hausa. Ƙamus ɗin da Bargery ya wallafa a 1934 yana da kalmomi wajen 39,000, ba kuwa mai riƙe da su duka a kai. Har ila yau Hausa ta daɗe tana aron kalmomi daga maƙwabta. Daga Larabci ta sami littafi da alƙalami da hukunci. Daga Barebari ta sami sarautun Yarima da Galadima da Ciroma. Daga Fulani ta sami burtali da kindirmo, daga Yarabawa ashana, daga Turanci mota da tebur da asibiti. Hausawan Nijar, waɗanda suka zauna da Faransa, sukan ce lakwal inda na Nijeriya ke cewa makarantar boko.

Kowane zamani yana zuwa da nasa kalmomin. Ran 1 ga Janairu 1973 aka daina fam da sule, aka shiga naira da kwabo, naira biyu a bakin fam ɗaya. A shekarun nan ne kuma mita da kilo da lita suka maye gurbin yadi da laba da galan a awon hukuma. Waɗanda suka yi saurin koyon sababbin kalmomin sun tsira daga ƙwarar 'yan damfara. Yau ga intanet da kwamfuta da lambar sirri ta banki. Wanda bai san ma'anar sirri a wannan wuri ba yana iya karanta wa baƙo lambarsa ta waya, a kwashe masa ajiyar shekara cikin minti ɗaya.

An daɗe ana wannan aiki a ƙasar nan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ta shigar da kalmomi masu yawa cikin bakin jama'a, domin mai karatu ɗaya kan karanta wa mutum goma a dandali. A 1955 aka kafa Hukumar Hausa don daidaita rubutu da tace kalmomin aro. A 1966 masana suka taru a Bamako a ƙarƙashin UNESCO suka daidaita baƙaƙen Hausa da Fulatanci da wasu harsunan Afirka ta Yamma. Saboda haka wanda ya san ɓ da ɗ a Hausa zai same su a Fulatanci. A 1982 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya. A 2006 Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayyana Hausa da Hausa.

Yadda Za A Shirya

1. A sami abokai uku zuwa shida waɗanda dama sukan haɗu kullum, a majalisa, ko rumfar kasuwa, ko wajen mai shayi, ko tsakar gida. Ba a bukatar sabon taro.

2. A tsai da lokaci ɗaya, kamar bayan la'asar ko bayan an tashi daga aiki. Minti goma ya isa.

3. A yi karɓa-karɓa. Kowa da ranarsa ta kawo kalma. Mai kawowa ya faɗi inda ya ji ta, da ma'anarta, ya kuma sa ta cikin jimla.

4. Kowane ɗaya ya ƙirƙiro tasa jimlar. Kalmar da mutum bai furta da bakinsa ba, ba ta zama tasa ba tukuna.

5. A rubuta cikin ɗan littafi: kwanan wata, da kalma, da harshenta, da ma'ana, da jimla. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa, ya riƙa duba surar kalmar, ta nan wasu suka fara gane baƙaƙe.

6. In an yi gardama kan ma'ana, kada a yanke da yawan surutu. A duba ƙamus, ko a tambayi mai sana'ar: malamin asibiti, ko malamin gona, ko mahauci, ko tsohuwa. Matambayi ba ya ɓata.

7. Kowa ya koya wa mutum ɗaya a gida kafin ya kwanta.

Abokan da ke nesa da juna suna iya aika kalmar ta saƙon waya, da murya ko da rubutu.

Maganin Mantuwa

Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa kan mantuwa a 1885. Ya gano cewa yawancin abin da mutum ya haddace yakan zube ne cikin sa'o'in farko da ranar farko, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya kama zuciya. Almajiran allo sun san haka ta hanyar tilawa. Saboda haka kafin a kawo kalmar yau, a tambayi ta jiya. Ranar ƙarshen mako a bi kalmomi bakwai na makon. Ƙarshen wata a rufe littafi a gwada juna.

Lissafin ba wuya. Kalma ɗaya kullum ta zama 30 a wata, 365 a shekara. Da yayyafi kogi kan cika.

Misali

Ga yadda zama ɗaya zai iya kasancewa a wata rumfa a Mubi. Wani dattijo Bafulatani ne ke da ranar.

Ya ce, "Yau kalmata luumo. Watau kasuwa."

Wani saurayi ya ce, "Bappa, in kuma ina son in ce kuɗi fa?"

Dattijo ya ce, "Ceede. Amma wannan ta gobe ce, ɗana. Faɗa mini ta jiya tukuna."

Saurayi ya ce, "Karsana. Saniyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Hamma ne ya kawo ta."

Dattijo ya ce, "Madalla. To, a Fulatanci saniya ɗaya nagge ce, da yawa na'i. Wannan gyara ce na ba ka."

A lura da abubuwa uku. An yi bita kafin sabon abu. An haɗa kalmar Hausa da ta maƙwabta. Babba ya koyar, gobe kuma zai zauna ya koya daga yaro, domin gemu ba ya hana ilmi.

Abin Da Za A Kiyaye

Kada a yi wa kowa dariya don ya karya harshe. Wanda aka kunyata yau ba zai buɗe baki gobe ba. Kada a fara da zagi ko batsa, kamar yadda yara kan yi in suna koyon baƙon harshe. Kada a raina harshen kowa. Gude da Fali da Margi da Kilba da Higi dangin Hausa ne na nesa, duk cikin rukunin da masana ke kira harsunan Cadi. Wanda ya gai da maƙwabcinsa da harshen uwarsa ya rage nisan da ke tsakaninsu, garin da jama'arsa ke fahimtar juna kuwa jita-jita ba ta saurin kama shi. Kada kuma a manta da tsofaffin kalmomi irin su takarkari da fatoma da la'ada, waɗanda yaran birni da yawa ba su sani ba.

Aikin Mai Karatu

1. Mene ne bambancin aro da rance? A ba da misali ɗaya na kowanne.

2. Mililita nawa ne a babban cokali, nawa ne a ƙarami?

3. Don me bitar da aka rarraba ta fi wadda aka tara?

4. A nemi kalmomi bakwai na wannan mako: biyu daga takardar magani ko buhun taki, biyu daga harshen maƙwabci, biyu daga bakin tsofaffi, ɗaya daga labaran rediyo.

5. A karanta wannan darasi ga mutum biyu da ba su iya karatu ba, a gayyace su zaman gobe.