Cimakar gona da tsawon rai: ba kowane tuwo ne ke riƙe jiki ba

A yawancin gidajenmu nama sai ranar kasuwa, ko suna, ko salla. Abin da muke ci kullum daga gona yake fitowa: hatsi, dawa, wake da ganye. Rai na hannun Allah. Amma likitoci sun gano cewa irin cimakar da mutum ya saba ci tana iya kusanto masa da cuta, tana kuma iya nisanta shi da ita.

Masana na jami'ar Harvard, a Amurka, sun bi mutum fiye da 200.000 shekaru da yawa suna duba abin da suke ci. A shekara 2017 suka bayyana abin da suka gani. Waɗanda suka fi cin tsaba da dusarta, da wake, da ganye, da ƴaƴan itace, ciwon zuciya ya ragu gare su da kashi 25 cikin 100. Waɗanda kuwa suka dogara ga farin gari, da kayan zaƙi, da lemun kwalba, ciwon ya ƙaru gare su da kashi 32 cikin 100. To, sukari da farin gari ai su ma daga tsiro suke. Ke nan rashin cin nama shi kaɗai ba ya ba da lafiya.

A shekara 2022 wasu masana a Norway, can arewacin Turai, sun yi lissafi kan mutanen da suka saba da cimakar Turawa. Sun ce saurayi ɗan shekara 20 da ya gyara cimakarsa yana iya ƙara fiye da shekara 10. A cikin lissafin nan, wake da danginsa ne suka zo kan gaba.

Nan ne abin ya shafe mu. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Amma da kaka ta yi, sai mu auna shi tiya-tiya mu kai kasuwa, ƴan kasuwa su loda shi zuwa Najeriya. Kuɗin kuma mu sayo taliya, da farar shinkafa, da sukarin shayi. Ciki yana cika, jiki bai samu abin gina shi ba. Mun san bashi da bukatun gida ne ke sa magidanci sayarwa. Duk da haka, ya kamata a ware rabon gida tun kafin a kira mai awo. Buhu mai ninki uku yana kare wake daga ƙwari, ba sai an zuba magani ba.

Uwargida kuma, kada surfe ya yi yawa. A cikin dusa akwai abin da ke gyara hanji, yana hana sukari hauhawa cikin jini. A yawaita zogala, kuka, yakuwa, tafasa da kabewa. A shanya ganye a inuwa lokacin damana, don a samu na miya da rani. Gujiyar da ta yi fumfuna a zubar da ita, ko ƙuli-ƙuli kada a yi da ita, gubarta tana lalata hanta.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen maji shi ma cike yake da gishiri, yawan gishiri kuwa yana kawo hawan jini. Daddawa tana ba miya ɗanɗano, sai a rage maji.

Ga yara, da mata masu ciki, da masu goyo, tsiro kaɗai bai isa ba. Akwai sinadarin ƙarin jini da ba a samun sa sai cikin nono, ƙwai, kifi ko nama. A dama musu fura da nono, a ajiye musu ƙwan zabi ko na kaza kafin a kai saura kasuwa.