Google Maps bai san ruwa ya ci hanya ba

A Agusta da Satumba, idan Kogin Haɗeja ya tumbatsa, hanyoyin babur na ƙauyukan Auyo, Kirikasamma da Guri sukan nutse. Google Maps kuwa zai ci gaba da nuna su lafiya lau, domin hoton da yake nunawa tsoho ne, wataƙila ma na rani.

Kafin a hau babur, a duba Flood Hub na Google, mai hasashen ambaliya har kwana 7 gaba. Hasashe ne dai. Kiran ɗan acaɓa ko mai kwalekwalen ƙauyen ya fi shi tabbas. A tura wa ɗan'uwa inda ake ta WhatsApp, a ƙulle wayar a leda. Idan ruwa mai gudu ya rufe hanya, a juya.