Mabadi'ai Goma: Ƙofar Shiga Kowane Fanni, Na Zaure Ko Na Jami'a



Wannan darasi na ƙannenmu ne da suka samu gurbin karatu bana a jami'a ko kwaleji, da iyayen da suka matse bakin aljihu suka biya musu kuɗin rajista. Darussan shekarar farko kusan duk sunansu ɗaya ne: gabatarwa ga ilimin doka, gabatarwa ga tattalin arziki, gabatarwa ga kimiyyar sinadarai, haka dai. Ɗalibai da yawa suna raina su. A haddace takardun lakca daren jarrabawa, a juye da safe, a manta. Sai an kai aji uku yaro ya ga katangar da yake ɗorawa ba ta da harsashi, ga maimaita kwas, ga kuɗin ƙarin shekara a wuyan uba.

Malamanmu na da ba sa buɗe littafin wani fanni sai sun fara amsa tambayoyi goma a kansa, waɗanda ake kira mabadi'ul ashara. Shehu Muhammadu ɗan Aliyu Assabban, malamin Azhar da ya rasu a 1206 bayan Hijira, ya tara su a baitoci uku da ɗaliban ilimi suke haddacewa har yau. Tambayoyin su ne: mene ne sunan fannin, mece ce ma'anarsa, a kan me yake bincike (wato maudu'insa), wa ya fara tsara shi, daga ina yake ɗebo hujjojinsa, mece ce alaƙarsa da sauran fannoni, me ake samu a cikinsa, mece ce falalarsa, mene ne hukuncin koyonsa, sannan waɗanne ne mas'alolinsa. An saba jin su a farkon karatun Nahawu da Usulul Fiƙhu, amma babu fannin boko da ba za ka auna da su ba.

Wadda ta fi muhimmanci a wurina ita ce maudu'i, don haka bari mu daɗe a kanta. Malamai ba sa cewa maudu'in fanni abu kaza ne su yi shiru, sai sun ƙara da "ta fuskar kaza". Maudu'in likitanci jikin ɗan Adam ne ta fuskar lafiya da cuta. Maudu'in Fiƙhu ayyukan baligi mai hankali ne ta fuskar halacci da haramci. Ɗauki kwalbar turaren fesawa guda ɗaya a kasuwar Sabon Gari. Masanin sinadarai zai ce maka ruwan da ke ciki yawancinsa itanol ne, yana tafasa a kusan digiri 78, shi ya sa yake saurin tashi ya bar ƙamshi a riga. Masanin tattalin arziki zai gaya maka dalilin da kuɗinsa ya tashi ranar da dala ta tashi. Lauya zai tambaya ko NAFDAC ta yi masa rajista, da kuma haƙƙin mai saye idan jabu aka sayar masa. Malamin Fiƙhu kuwa tambayarsa ita ce: wannan sinadari najasa ne ko ba najasa ba, za a yi salla da shi a jiki? Kuma malamai sun yi saɓani a kai. Kwalba ɗaya, fuska huɗu.

Ka lura, rabin rigimar da muke yi a Facebook daga nan take. Mai digirin sinadarai ya san sunan abin da ke cikin kwalba, sai ya ga ai shi ke nan ya isa ya ba da fatawa. Wani malamin kuma ya san hukunci, sai ya zarce yana bayanin yadda magani ke aiki a jini, abin da bai taɓa karantawa ba. Haka batun ganin wata. Masanin falaki yana da gaskiya idan ya ce watan ƙamariyya a matsakaici kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, kuma yana iya lissafa lokacin haihuwar jinjiri. Amma ko za a ɗauki azumi da lissafi ko sai an gani da ido, wannan ba maudu'insa ba ne. Kowa ya tsaya inda fanninsa ya tsaya, ya miƙa wa na gaba.

Sai tambayar inda fanni yake ɗebo hujja, wadda ake kira istimdadi. Ɗalibin Usulu ya san Alƙur'ani, Sunna, Ijma'i da Ƙiyasi. To ɗalibin doka a Najeriya fa? Nasa tushen su ne Tsarin Mulki na 1999, wanda yake saman duk wata doka a kotu, sai dokokin da majalisun tarayya da na jihohi suka yi, sai hukunce-hukuncen manyan kotuna da ƙananan kotuna suke bi, sai dokokin al'ada, sai shari'ar Musulunci, sai kuma dokar Ingila da aka gada, har da wasu dokokin da suke aiki a can ranar 1 ga Janairu 1900. Wani abu da ɗalibai ba su cika sani ba: dokar manyan laifuka ta Arewa, wato Final Kod, da ta fara aiki a 1960, an tsara ta ne bisa ta Sudan, ita kuma ta Sudan an ɗauko ta daga ta Indiya ta 1860. Kudu kuma da tata dokar daban. Wanda ya riƙe wannan taswira tun zangon farko, duk shari'ar da aka kawo masa tambayarsa ta farko ita ce: wace doka ce take mulkin wannan al'amari, kuma wace kotu ce take da hurumi?

Game da wanda ya fara tsara fanni, abin nufi wanda ya fara tattara shi a rubuce, ba wanda ya fara aiki da shi ba. Sahabbai sun yi ijtihadi tun kafin Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan Hijira, ya rubuta Arrisala. Larabawa sun yi waƙa kafin Khalilu ɗan Ahmad ya fitar da Aruli. Haka Luca Pacioli, wani fada ɗan Italiya, da ya buga littafinsa a Benis a 1494: ya rubuta hanyar ajiye lissafi mai gefe biyu da 'yan kasuwar garin suke yi ne tun kafin shi. Alkhawarizmi ya rubuta littafin Aljabru wal Muƙabala a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, daga nan kalmar aljebra ta fito, kuma kaso babba na littafin mas'alolin gado da wasiyya ne. Sai dai ban yarda da al'adar nan ta jingina wa Musulmi kowane fanni da ƙarfin tsiya ba. Amanar ilimi ita ce a ba kowa nasa, ko Ibn Khaldun ne ko Adam Smith.

Tunda mun taɓo lissafin kasuwanci, ga ginshiƙinsa a taƙaice. Mutum ya buɗe shago da jarin naira dubu 500, ya karɓi kayan bashi na dubu 200. Abin da ke hannun shago dubu 700 ne, kuma dole ya yi daidai da bashi a tara da jari. Duk abin da za a koya wa ɗalibin akanta a shekara huɗu a kan wannan daidaito yake hawa. Fa'idarsa kuwa, ka tambayi ɗan kasuwar da shekara ta zagayo masa bai san abin da yake nasa da abin da yake na mutane ba, balle ya fitar da zakka daidai. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi.

Saura hukunci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya a Ihya'u, har ya koka da garuruwan da babu likita Musulmi alhali kowa ya tattara a kan mas'alolin saɓani. Farilla ta kifaya ma'anarta idan babu isassun masu yi, laifi ya hau kan al'umma duka. Shari'ar gado da ta faro daga kotun shari'ar Musulunci tana iya haurawa har Kotun Ƙoli a Abuja, kuma marainiyar da haƙƙinta yake ciki tana buƙatar lauyan da ya san Fara'ili ya kuma san ƙa'idar ɗaukaka ƙara. Shi ya sa jami'o'i irin Bayero da Ahmadu Bello suke koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar ƙasa. Wannan dai ba ya sauke maka farilla ta aini. Sanin tsarki da sallarka yana nan a wuyanka, ko kana ɗakin gwaje-gwaje.

A makon farko, ka ware wa kowane kwas shafi ɗaya, ka rubuta ma'anarsa, da maudu'insa tare da fuskarsa, da tushen hujjojinsa. Jerin darussan da malami yake rabawa ranar farko su ne mas'alolin fannin, kada ka yar da takardar. Wadda ka kasa amsawa cikin goman, ka ɗaga hannu ka tambayi malamin a aji.

Wallahu a'alam.