Wa Ke Riƙe Da Asibitin Garinmu? Darasi Kan Hukumar Lafiya Ta Matakin Farko A Jihar Kebbi

  

Darasinmu na wannan fitowa ya ɗan kauce wa fiƙihu, amma bai fita daga amanar da ke wuyanmu ba. 'Yar uwa, in kin je awo kika tarar ba magani, ko aka ce allurar rigakafi ta ƙare, wa za ki kai wa kuka? Da yawanmu sai mu ce "gwamnati", shi ke nan mu koma gida. To wace gwamnatin? Ai ƙofofi ne daban-daban, wadda ba ta san su ba kuwa sai ta yi ta sallama a gidan da ba kowa.

Kiwon lafiya a Nijeriya hawa uku ne. Manyan asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya ne galibi. Asibitocin janar, da irin su asibitin tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, na jiha ne. Hawa na ƙasa, wanda ya fi shafarmu, shi ne ƙananan asibitocin garuruwa da ƙauyuka, waɗanda iyayenmu ke kira sha-ka-tafi. Nan ake awo, nan ake haihuwar da ba ta zo da gardama ba, nan ake rigakafi.

A da waɗannan ƙananan asibitoci kamar marayu suke masu iyayen riƙo da yawa. Ƙaramar hukuma ke biyan albashi, wata hukumar ke ɗaukar ma'aikata da canza musu wurin aiki, ma'aikatar lafiya kuma ta ce ita ke da tsari. In abu ya lalace kowa ya nuna ɗan uwansa. Shi ya sa a shekarar 2011 aka amince da tsarin tara su a ƙarƙashin inuwa ɗaya: kowace jiha ta sami hukuma guda mai kula da matakin farko. Tamu tana Birnin Kebbi, tana da babban sakatare, tana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma tana aiki tare da uwar hukumar ta tarayya da ke Abuja, wadda aka kafa a 1992. Daga Abuja alluran rigakafi ke zuwa ɗakin sanyi na jiha, daga nan a rarraba wa ƙananan hukumomi 21.

Mu sauko Bagudo. A sakatariya akwai sashen lafiya mai shugabansa, da jami'in rigakafi, da mai kula da firij da akwatunan sanyi, da mai wayar da kan jama'a, da jami'in sa ido kan cututtuka. Ƙaramar hukumar mazaɓu 11 ce, irin su Ka'oje da Illo da Lolo da Zagga da Kende, manufar kuwa kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai.

Ga inda nake son ki buɗe kunne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware wani asusu, ba zai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, domin kiwon lafiyar talaka. Wani kaso na kuɗin nan yana shiga kai tsaye cikin asusun bankin asibitin mazaɓar da aka zaɓa, don sayen magani da gyaran gini da ruwa da wuta. Shugaban asibitin ba shi kaɗai ke fitar da kuɗin ba, sai da sa hannun shugaban kwamitin raya mazaɓa. Kwamitin nan na mutanen gari ne, kuma ƙa'ida ta ce a sa mata a ciki. Kin taɓa jin sunan macen da ke wakiltarku? Tambayi maigida ya tambayo miki wurin mai unguwa. A ganina nan ne ƙungiyoyinmu suka fi sakaci: muna cika Islamiyya da wa'azin tsafta, amma kujerar da ake tsara kuɗin asibiti mun bar ta wa wanda bai taɓa naƙuda ba. Amira ta reshe in ta rubuta takarda cikin ladabi tana neman a ba reshe kujera, ba ta keta haddin kowa ba.

Sai batun iyaka. Daga Tsamiya a miƙe zuwa Segbana, daga Lolo a nufi Malanbil, dangi ɗaya ne, aure da kasuwa da ta'aziyya kullum ana ƙetarawa. Cuta kuwa ba ta nuna fasfo. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, ƙasar Benin na cikin maƙwabtan da cutar ta koma wa. An ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a watan Agustan 2020, amma akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su sami ɗigo ba, shi ya sa har yanzu kike ganin masu akwati a ƙofar gida da tasha da bakin kogin Kwara.

Aikin jami'in sa ido a nan yake. In yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya wayi gari ƙafa ko hannu ya saki haka kawai, ana son a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Haka sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a Gwandu da Aliero da Jega a farkon 2025, haka amai da gudawa da baƙon dauro. Jami'in nan ba ya ganin cikin ɗakinki. Ke ce ta farko da za ki gani, ke za ki sa a faɗa wa asibiti, asibiti ya faɗa masa, shi ya faɗa wa jiha. Ɓoye irin wannan don jin kunyar maƙwabta zalunci ne ga 'ya'yansu. Ki tuna Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, bayan ya yi shawara da sahabbai.

Benin na da nata tsarin. Sun raba ƙasarsu shiyya-shiyya ta lafiya, Malanbil da Karimama shiyya guda, Segbana kuma tana tare da Kandi. Katinsu da Faransanci yake, jadawalinsu ma bai zo ɗaya da namu a komai ba. Misali allurar zazzaɓin cizon sauro: su sun fara a watan Afrilun 2024, mu kuma a watan Disambar 2024 aka fara a Kebbi da Bayelsa, ana yi wa yaro yana wata 5, da 6, da 7, sai ta huɗu a wata 15. An fara da mu ne domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai mu.

Don haka in za ki wankan jego gidan iyayenki a ƙetare, ki sa katin jariri cikin jakar kayansa. In an yi masa allura can, ki roƙi ma'aikaciyar ta rubuta ranar da sunan allurar. Da kin dawo ki kai katunan duka biyun asibitin mazaɓarku, su duba abin da ya saura su ɗora daga nan.