KAFIN KA SAYI FULAT: WA ZAI GYARA RUFI, WA ZAI YASHE SOKAWE?



'Yan'uwa, duk mai leƙa shafukan dillalan gidaje na Abuja da kewaye ya san irin tallan nan: fulat na zamani, ɗaki biyu da falo, kowane ɗaki da banɗakinsa, tayil ko'ina, mitar wuta taka kai kaɗai, ruwa na zuba, minti ashirin ka shiga gari. In ka duba wurin, ko Mararaba ne, ko Masaka, ko Kubwa, ko Madalla da Suleja. Tun da aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a Disambar 1991 waɗannan garuruwa suka zama makwancin ma'aikata. A kwana can, a yi sammako a shigo aiki, a koma bayan magariba. Gida a Wuse ko Garki ya fi ƙarfin mai albashi, a bayan garin ma fili da siminti sun yi tsada, sai bawan Allah ya tattara abin da ya tara shekara da shekaru ya zuba a fulat guda, cikin bene mai fulat huɗu ko shida.

Tambayoyin da kuke turo min a kan wannan kusan duk na biya ne: Malam, bashin banki ya halatta? Zan taɓo shi a ƙasa. Amma akwai tambayar da ta riga ta, kuma ba a cika yin ta ba. Shin mene ne ma ka saya?

Gidan da muka sani a gargajiyance, in ka saya, ƙasar taka ce, katanga taka, zaure naka, sararin da ke sama naka. Rufi ya yi yoyo, kai ne. Masai ya cika, kai ne. Fulat ba haka yake ba. Daɓen ɗakinka rufin wani ne, rufinka kuma daɓen wani ne. Matakala, tankin ruwa, rijiyar burtsatse, sokawe, ƙofar shiga, mai gadi, duk na tarayya ne. Wato ka sayi ɗaki biyu da falo, an haɗa maka da abokan tarayya waɗanda ba kai ka zaɓe su ba, kuma ba ka da ikon korarsu.

Da yawa suna ɗauka wannan sabon abu ne da fiƙihu bai san shi ba. Ba haka ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun tattauna shi a mas'alar mai sama da mai ƙasa, domin a biranen da suka zauna ana gina bene, wani ya mallaki ƙasa wani ya mallaki sama. Tana nan a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, tana kuma cikin Mukhtasar na Shaikh Khalil, malamin Masar na ƙarni na 8. Littattafan da ake biyawa a zaurukanmu ne fa. Sai dai da yake babukan ciniki da shari'a suna can ƙarshe, ɗalibi yakan gaji tun yana babin tsarki.

Abu na farko, sun halatta mutum ya sayar da sararin da ke saman gininsa don wani ya ɗora nasa, da sharaɗin a siffanta ginin, na ƙasa da na sama: da me za a yi shi, kaurinsa nawa, tsawonsa nawa. Dalili kuwa, buƙatar mutanen biyu ta saɓa. Mai ƙasa yana son abin da za a ɗora masa ya zama marar nauyi, mai sama yana son abin da zai hau ya zama mai ƙwari. In ba a fayyace ba an shiga garari, wato ciniki a cikin duhu, wanda Annabi (S.A.W) ya hana.

Sannan suka raba nauyi. Idan ginin ƙasa ya yi rauni, gyaransa yana kan mai ƙasa. Rufin da ke tsakaninsu ma yana kansa. Yayin da yake gyara, shi zai tokare ɗakunan sama kada su rufto. In ya ce ba shi da hali, ko ya ƙi, alƙali zai tilasta masa ɗayan biyu: ya gyara, ko ya sayar wa wanda zai gyara. Ba a barinsa ya zauna a kan haƙƙinsa har ya hallaka na samansa. Matakala kuwa tana kan mai sama, tunda shi ke hawa. Shi ma mai sama an ɗaure shi: ba zai ƙara gini a kan nasa ba sai ɗan abu marar nauyi da ba ya cutarwa. Har yasar masai sai da suka yi magana a kai. Khalil ya ɗora ta a kan mai ƙasa, wasu malaman mazhabar kuma suka ce a raba gwargwadon yawan kawunan da ke amfani da shi.

Ku dubi wannan da kyau. Mutanen da ba su san siminti da rodi ba sun zauna sun tsara wa zai biya kuɗin kwashe bayan gida. Mu kuma sai mu ba da miliyoyi a kan hoton falo da fitilu, ba mu tambayi ko ɗaya daga ciki ba.

To, shin yau za mu ɗauki hukuncin nan yadda yake mu ce mai fulat na ƙasa shi kaɗai zai gyara tushen gini? A fahimtata a'a. Wancan hukunci an gina shi a kan cewa ƙasa mallakar mutum guda ce, ginin sama kuma ɗori ne. Benen yau ƙashinsa ɗaya ne: ginshiƙai da dekin da tushe an zuba su tare, kowa ya biya kasonsa a cikin farashin fulat ɗinsa. Saboda haka abin da ke riƙe da ginin duka, nauyinsa yana kan kowa. Rufin kwano na can sama ma haka ne, duk da ruwan a kan mai saman yake fara zuba, domin in aka bar shi zai bi bango ya sauko har ƙasa. A batun sokawe kuwa na fi karkata ga ra'ayin kawuna. Ba adalci ba ne ango da amarya su biya daidai da mai mutum tara a gida. Wannan fahimtata ce, wani malamin yana iya ganin saɓaninta. Abin da babu saɓani a kansa shi ne Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka matuƙar bai halatta haram ba. Don haka abin da aka rubuta ranar ciniki shi zai raba gardama. In ba a rubuta komai ba, ranar da injin tura ruwa ya ƙone, na ƙasa zai ce shi ko babu tanki ruwa na zuwa masa, na sama ya ce ai tare aka saya, a daina gaisawa a matakala, yara ma a hana su wasa tare.

Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: saman benen nan na wa ne? Wasu masu gini suna sayar da fulat duka su riƙe saman, bayan shekara biyu ka ga an kawo bulo za a ƙara hawa ɗaya a kan tushen da ba a yi shi don haka ba. Labarin ruftawar benaye a ƙasar nan ba baƙo ba ne a kunnen kowa.

Wani abin da ake yawan kuskure a kai shi ne shufu'a. Mutane suna cewa maƙwabci ne ya fi cancanta in za a sayar. A wajen Hanafiyya haka ne. A mazhabar Malik shufu'a ta abokin tarayya ce a cikin abin da ba a raba ba, babu ita ga maƙwabci, kuma babu ita tsakanin mai sama da mai ƙasa. Kyautatawa ce ya fara yi maka tayi, amma ba za ka ƙwace cinikin ba in bai yi ba. Ma'ana, mutumin kirkin da ka gani a fulat na kusa har hankalinka ya kwanta, gobe yana iya sayar wa wanda zai mayar da wurin masaukin kwana ɗaya, kowane dare da baƙin fuska a matakalar da matarka da 'ya'yanka mata suke bi. Maganin wannan tun farko ne: a sa a takarda cewa ginin na zaman iyali ne kawai, kuma sharaɗin ya hau kan duk wanda ya saya daga baya. Ka kuma tsaya a baranda da tagar kicin ka duba wa kake hangowa, wa ke hango ka. Risala ta hana buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci, amma a bene tagar ta riga ka zuwa.

Sai aibi. Kun san ƙissar da Muslim ya ruwaito, lokacin da Annabi (S.A.W) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Sabon fenti a kan bangon da ke tsatsafo da ruwa, jiƙaƙƙen abincin nan ne aka binne. Dillalin da ya sani ya yi shiru don la'adarsa, shi ma yana ciki. Maganar "minti ashirin ka shiga gari" kuwa gaskiya ce, ranar Lahadi da tsakar dare. Wanda ya taɓa tasowa daga Mararaba da safiyar Litinin ya bi ta Nyanya zuwa AYA ya san sauran bayanin. Mai saye, ka je da ƙafarka sau biyu: sau ɗaya da damina bayan an ɗauke ruwa, sau ɗaya da asubar ranar aiki. Ka lissafa a ina magariba za ta riƙa samunka. Wannan zirga-zirga ba ta kai tafiyar ƙasaru ba, kada wani ya ce maka kai matafiyi ne.

Malikiyya sun kasa aibin gida uku. Ƙarami wanda ba ya rage daraja, babu komai a kansa. Matsakaici, ba a mayar da gida, amma a rage maka kuɗi gwargwadonsa. Babba, kamar tsagewar da ake tsoron rushewa saboda ita, kana da zaɓin mayarwa ka karɓi kuɗinka. Kuma a mazhabarmu cewar mai sayarwa "na sayar maka yadda ka gan shi" ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Takarda kuma, nan aikin lauya ne, ba na malami ba, amma ga abin da ya shafe mu. A dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sauya hannu yana buƙatar amincewar gwamna. Sau da yawa takardar C of O guda ce ta filin duka, da sunan wanda ya gina. To kai me za a ba ka? Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa suke ko da tallan ya ce Abuja, Madalla da Suleja a Neja, Kubwa ce ke cikin birnin tarayya, kowanne da ofishin da ake bincikensa. A bincika ko an jinginar da filin a banki. In gidan magada ne, a tabbatar kowane magaji ya yarda, har matan da ke gidajen aurensu, domin yayansu ba shi da ikon sayar da kason da ba nasa ba.

Yanzu biya. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, bashin da ake bayarwa daga cikinsa kuma yana da ruwa kashi 6. Ya fi na bankunan kasuwa sauƙi nesa ba kusa ba, amma ƙarancin ruwa ba ya canza masa suna. Abin da ya halatta shi ne mai gida ya ce a hannu kaza, biya a hankali na shekara uku kaza, ku tsaya a kan ɗaya kafin ku rabu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, ta kuma hana ƙara ko kwabo a kan wanda ya makara da biya. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Ko a wajensu ka karanta takardar, ka tabbatar bankin ya mallaki gidan kafin ya sayar maka ko ya ba ka hayarsa. Wannan babi yana son darasi nasa daban, in sha Allahu.

Wanda kuma ya riga ya saya ba a rubuta komai ba, ƙofa ba ta rufe ba. Ka tara maƙwabtanka tun ana dariya da juna, Musulminsu da Kiristansu, domin haƙƙin maƙwabtaka bai ware kowa ba. Ku rubuta abin da yake na kowa da abin da yake na mutum shi kaɗai, nawa za a riƙa ajiyewa duk wata, wa zai riƙe, yaya za a yi da wanda ya ba da hayar nasa ya tafi. Kowa ya sa hannu, a sa shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Mai riƙon kuɗin ya sani amana ce a hannunsa, ba ya ranta daga ciki ko da niyyar mayarwa ranar albashi, sai da izinin masu ita.

Wallahu a'alam.