Amsar Tambaya: E-Class ko Lexus a Libreville?

Tambaya: Ina kasuwanci a Mont-Bouët, gidana a Nombakélé. Ina son Mercedes E-Class ko Lexus GS. Sabuwa zan saya ko ta hannu?

Amsa: Alhaji, ta hannu ta fi, muddin bakanike ya shiga ƙarƙashinta kafin ka ba da ko sisi. Iskar teku a Libreville tana cin ƙarfe, don haka a duba tsatsa. Ka ɗaga kafet, ka shinshina. Motar da ta taɓa shan ambaliya ba ta ɓoye warinta, kuma wayoyin wutarta za su riƙa ba ka wahala.

Waɗannan motoci cikinsu kusa yake da ƙasa. A titin bakin teku sai son barka, amma ramukan unguwa da damina fa? E-Class mai ƙafafun iska, wato AIRMATIC, gyaranta yana cin aljihu. Ni dai Lexus zan zaɓa, domin 'yar gidan Toyota ce, bakanikenta ba ya wuyar samu, ko da yake an daina ƙera GS a 2020.

In daga waje za ka yo odarta ta tashar Owendo, fara tambayar kwastan, saboda doka ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita.